John Ford ko Howard Hawks: wa ya kamata a fara kallo?

Mai son sanin tsofaffin fina-finan kaboyi na Amurka zai ci karo da daraktoci biyu waɗanda ɗan wasa John Wayne ya yi wa aiki, wato John Ford da Howard Hawks.

Ford, wanda aka haifa a jihar Maine a 1894, ya lashe kyautar Oscar ta gwarzon darakta sau 4. Ƙarfinsa yana cikin hoto: a fim ɗinsa Stagecoach na 1939 ya ɗauki duwatsun Monument Valley ta yadda mahaya dawaki suka ƙanƙance a gaban faɗin hamada, kuma hankalinsa yana kan iyali da sojoji da al'ummar da ke kafa gari.

Hawks bai taɓa cin wannan kyauta a gasa ba, sai ta girmamawa da aka ba shi a 1975, kuma a ganina an daɗe ana tauye masa haƙƙi. Yakan ajiye kyamara daidai idon mutum, ya bar hira da abota tsakanin gwanayen sana'a su ja labari, kamar a Rio Bravo na 1959. Ni dai da Hawks zan fara, domin maganar 'yan wasansa ta fi saurin shiga kunnen mai kallo na yau.