Irin gamba na shago da tushen gamba na tsoho: abin da damina uku suka nuna mini

Ranar da na shigo gida da buhun irin gamba a bayan babur, ƙanena ya taɓa buhun, ya ji shi sakayau kamar an cusa auduga, ya ce, "Yaya, ritayar ce ta fara taɓa ka? Ciyawar da Allah Ya zuba a daji kyauta ita ka cire kuɗi ka saya?" Ban ga laifinsa ba. Da muna yara, a nan ƙasar Gumel, gamba ce iyakar kowace gona. Idan ka tsaya kan jigawa da kaka, layinta kake bi da ido ka san inda gonar wane ta tsaya. Yanzu kuwa sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga tushe goma a jere ba. Garmar shanu ta ci wasu, masu ƙara kunya ɗaya a gonarsu sun tone wasu, sauran kuma awaki sun gama da su da bazara.

Abu biyu suka kai ni ga sayen. Gefen gonata na gabas iska ta kwashe shi har saiwar kalgo ta fito fili, kuma duk ruwan farko sai ya yanka mini hanya ta tsakiyar gero. Sannan zana ta yi tsada. Dangar gidana zana goma sha huɗu take ci, duk shekara biyu kuma sai an sabunta, gara ba ta da tausayi.

Shagon yana cikin gari, irin shagunan nan da ke haɗa maganin dabbobi da irin kayan lambu da maganin feshi. Ba zan faɗi sunansa ba, don abin da ya faru tsakaninmu ba na mugunta ba ne. Yaron shagon ya jawo buhun daga ƙarƙashin kanta, babu takarda a jikinsa, babu shekarar da aka girbe shi, babu inda aka samo shi. Na tambaye shi yadda ake shukawa. Ya ce, "Baba, kamar gero ne, ka sara ka zuba ka take." Wannan maganar ita ta cinye mini damina guda.

Na yi yadda ya ce. Ruwa ya zauna, na ɗauki sungumi na bi iyaka na sassara rami, jikokina suna zubawa suna takewa. Kwana ashirin ina zagaye. Abin da ya fito da ƙarfi kyasuwa ce, har na fara murna, sai da ta girma na gane ta. Gamba ta gaske, da na bi na ƙirga, ba ta kai tushe talatin ba a layin da ya haura taku ɗari biyu.

Daga baya na fahimci inda aka yi kuskure, kuma rabin laifin nawa ne, tun da na koyar da aikin gona a firamare shekaru da yawa, ya kamata in murza irin a tafin hannu kafin in biya. Kan gamba ba kamar zangarniyar gero ba ne. Reshe biyu yake fitarwa masu gashi fari, 'ya'yan kuma bibbiyu suke zama a jiki, ɗaya zaune, ɗaya kan ɗan sanda. Na zaunen nan, mai dogon gashin baki a lanƙwashe, shi kaɗai ke iya ɗaukar tsaba. Ɗayan ba ya haihuwa. Ko cikin masu iya ɗauka ma ba duka ke cika ba, balle idan mai tarawa ya yi gaggawa ya yanke kai kafin ya nuna. Saboda haka buhun da ka gani tim, yawancinsa gashi ne da ƙaiƙayi. Tsabar kanta 'yar mitsitsiya ce, ba ta da ƙarfin huda ƙasa mai zurfin ramin sungumi. A sama-sama take so, a ɗan rufe ta da ƙasar da ba ta wuce kaurin yatsa ba, a danne. Ni kuwa kabari na haƙa mata.

Sauran irin da ya rage na gwada shi yadda ake gwada irin gyaɗa. Na ware guda ɗari na shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Goma sha ɗaya suka tsiro. Da wannan na koma shagon. Na tarar da mai shagon da kansa, dattijo mai sanyin magana. Bai yi musu ba. Ya ce shi ma sari ya yi a hannun masu tarawa, bai san tsawon zaman da buhun ya yi ba. Ya ce, "Malam, kuɗinka duka ba zan iya mayarwa ba, amma ka ɗauki maganin tsutsar ciki na tumakinka a madadin rabi." Na ɗauka. A nan na yaba masa. Inda ban yaba ba shi ne sayar da iri babu shekara a jiki, domin irin gamba yana da lokacinsa: sabon yanka ba ya tsirowa sosai sai ya huta 'yan watanni, wanda kuma ya daɗe cikin zafin shago ransa tafiya yake yi. Mai saye ba ya iya gane wanne aka miƙa masa da ido. Alli da minti ɗaya sun isa a rubuta a jikin buhu.

Alherin da ya fi yi mini shi ne kwatance. Ya ce akwai wani tsoho a wani ƙauye arewa da mu, wajen hanyar Maigatari, wanda bai taɓa barin gambar gonarsa ta mutu ba, kuma yana sayar da tushe.

Damina ta biyu na je. Gonar tsohon kamar an yi mata katanga ta ko'ina. Ba shi da shago, ba shi da awo, da fartanya da gatari yake ciniki. Yana zaɓar tsohon tushe mai faɗi kamar faifai, ya sare rabinsa ya bar rabi, ya zauna ya tsattsaga shi da hannu, kowane yanki da kara uku ko huɗu da saiwarsa, ya datse ganyen ya bar kamar taƙi ɗaya. Na ce, "Baba, ba ka tsoron kashe uwar?" Ya ce, "Ɗana, wadda ba a taɓawa ita ke ruɓewa ta tsakiya." Na duba kuwa, tsofaffin da bai taɓa ba duk sun yi rami a ciki, ganye sai a gefe.

A nan na fara ganin saiwar gamba da kyau, abin da shekara sittin ina wucewa ta kansa ban tsaya na duba ba. Iri uku ce. Akwai sirara masu yawa da ke bazuwa kusa da saman ƙasa, su ke cafke yayyafin farko tun kafin ya bushe. Akwai masu kauri kamar igiya, su ke riƙe tushen kuma nan take ajiye abincinta. Sannan akwai masu nutsawa ƙasa tsaye suna bin laima. Wannan ne ya sa take jure rani mai tsawon wata takwas ko tara, kuma ya sa da bazara, tun burburwa da ƙarangiya ba su farka daga tsaba ba, ita ta riga ta yi kore. Su kowace shekara daga farko suke somawa, ita kuwa da jarinta take kwana.

Tsohon ya kafa mini sharaɗi uku, kuma ya maimaita su har na hau amalanke: kada tushen ya kwana biyu bai shiga ƙasa ba, kada in dasa sai ƙasa ta jiƙe sosai a tsakiyar damina, kada in kai shi inda ruwa ke kwanciya. Kuɗin tushe ɗari uku har da amalanke ya ɗan haura na buhun nan, ba da yawa ba. Na dasa washegari da yamma, taku ɗaya tsakani. Cikin mako biyu sabon ganye ya leƙo, mai farin layi a tsakiya, siriri daga gindi kamar an tsuke shi. Waɗanda suka mutu ba su kai ashirin ba, kuma yawancinsu a ɗan kwarin kusurwar kudu ne inda na yi taurin kai na dasa duk da gargaɗin da aka yi mini.

Ɗana da ke karatu a Zariya shi ya ƙara mini wani abu da ya sa na daina jin kunyar dariyar ƙanena. A littattafan masana sunanta Andropogon gayanus, tun 1833 aka raɗa mata shi, amma Turawa a bakinsu gamba suke cewa, sunan namu ne ya bi ta. Daga tashar binciken kiwo ta Shika, kusa da Zariya, aka ɗauki wani nau'inta aka kai Kolombiya, a 1980 aka fitar da shi ga makiyaya da sunan Carimagua 1, a Brazil kuma aka kira shi Planaltina. Shanun can suna cin gambar Zariya a ƙasar da ba ta da ƙarfi, mu nan muna tone ta don ƙarin kunya ɗaya. A arewacin Ostireliya kuwa, inda aka kai ta tun shekarun 1930 don kiwo, ta zame musu bala'i. Ta tsere daga gonaki ta cika daji wajen Darwin, tana kai mita 4, idan gobara ta kama ta har manyan itatuwa take kashewa, a 2012 suka sa ta cikin jerin ciyayin da ƙasar ke yaƙa. Da na ba tsohon wannan labari sai ya yi shiru, can ya ce, "Ba su da masu saƙa zana ne?" Ina ganin ya taɓo gaskiyar. A nan lauje da bakin saniya da na akuya ba sa barinta ta yi wannan girman kai.

Bana damina ta uku ke nan. Layin gabas ya haɗe, tsayinsa ya wuce ni ko na ɗaga hannu. Yashin da iska ke kwasowa yanzu a gindinta yake tsayawa, har ya yi 'yar gargada da ƙafa ke ji. Hanyar da ruwa ya yanka ta cike da kanta. Bara da kaka, bayan ta fitar da kai wajen watan Oktoba, na bari 'ya'yan suka zuba sannan muka yanka, na samu dami tara. Masaƙin unguwarmu ya fitar mini da zana shida, karan ya yi kauri kuma ya miƙe, ya ce ya fi wanda yake saye a kasuwa. Ban kai ga goma sha huɗu ba tukuna, amma kusan rabin danga ya fita daga lissafin fansho.

Wajen dabbobi kada a ruɗe ka. Tana ɗanya shar, tumakina har rige-rige suke yi, kuma ta cece ni a makonnin nan na bazara da harawa ta ƙare, dusa ta yi tsada. Da zarar ta yi kara ta fitar da kai, amfaninta a ciki ya ragu ƙwarai, sai su tsinci ganye su bar maka sanda. Dole mutum ya zaɓa: wanda yake son abincin dabba ya riƙa yanka tana ƙarama, ya bar kamar taƙi a ƙasa don ta sake tohowa, wanda yake son zana ya haƙura har kaka. Ni na raba layin biyu.

Tana da nata wahalar. Kunyar geron da ke manne da ita ba ta yin kirki, inuwa da saiwa sun danne ta, na bar wajen taku ɗaya babu shuka. Ɓeraye sun samu gida, inda ɓera yake kuma maciji na zuwa, na hana jikokina sa hannu cikin tushe. Fakara ma ta dawo, wannan kam ban ƙi ba, rabon da in ji kukanta a gonar har na manta. Gashin kanta yana sa ƙaiƙayi, ranar yanka sai da riga mai dogon hannu. Sai wuta. Gamba ba ta mutuwa don an ƙone ta, tohowa take yi, amma busasshen layi a gefen gona da hunturu hanya ce ga gobara, don haka ba na barin ta tsaye bayan girbi. Akwai kuma masu lauje da dare. Dami biyu aka yanke mini bara, wanda ya yanka ya iya aiki, bai taɓa tushe ba, shi ya sa ban kai ƙara wajen mai unguwa ba.

Ga mai son iyakar gona ko tare zaizaya a fili kaɗan, tushe zai nema, kuma ya je da kansa ya ga gonar mai sayarwa. Iri na mai babban fili ne wanda dashe zai yi masa yawa, shi ma kada ya biya sai ya tambayi kakar da aka tara, ya murza a hannu ya ga tsaba, ya gwada ɗari a jiƙaƙƙen buhu, ya cuɗa da yashi wajen watsawa don iska kada ta kwashe. Shagon nan har yanzu a can nake sayen maganin tumaki, kuma na lura buhun gamba na bana an rubuta masa shekara da shuɗin alli.

Makon jiya ƙanena ya zo da fartanya a kafaɗa, ya tsaya yana kame-kame kan lafiyar iyali. Na nuna masa tushe huɗu na farkon layi, waɗanda suka tsira daga buhun shago, su suka fi faɗi. Na ce ya sari rabi ya bar rabi.