Hattara da Masu Sayar da Amfilifaya Mai Mataccen Bawul

'Yan uwa masu lasisin rediyon sadarwa, musamman sababbin shiga da ke neman ƙara wa muryarsu ƙarfi, a yi hattara da tallace-tallacen tsofaffin amfilifaya da ke yawo a Facebook da WhatsApp da eBay. Za ka ga Heathkit SB-220 ko Kenwood TL-922 ko Yaesu FL-2100 ko Ameritron AL-811, an ɗauki hotonta a ɗaki mai duhu, bawul, wato kwan gilashin da ke ƙara wa sigina ƙarfi, yana haske jawur, an rubuta cewa an gwada kuma sabo ne fil. Hasken nan ba shaida ba ne. Abin da yake nunawa kawai shi ne zaren filamen, wato wayar da ke zafafa bawul daga ciki, bai tsinke ba. Bawul ɗin da ya ƙare, da wanda iska ta shiga, duk suna iya yin wannan hasken.

Masu damfarar iri biyu ne. Na farko ba shi da kayan ma sam. Ya kwafi hoto a intanet, ya ari lambar kiran wani mai lasisi, wato lambar da aka san shi da ita a rediyo, ya ce kayan wani mamaci ne iyali suke son rabuwa da su da gaggawa. Zai nemi ka biya ta Western Union, ko katin kyauta, ko sashen 'yan uwa da abokai na PayPal, inda kuɗi ba ya dawowa. Ka ce ya rubuta sunanka da kwanan watan ranar a takarda, ya ɗora a kan injin, ya ɗauko hoton tare da lambar da ke bayansa. Yawanci daga nan ba ka sake jin ɗuriyarsa.

Na biyu ya fi wuyar kamawa, domin injin yana nan kuma zai iso hannunka. Cutar tana cikin bawul, kuma bawul shi ne tsadar injin. SB-220 da TL-922 kowacce tana ɗauke da bawul samfurin 3-500Z guda biyu, FL-2100 tana da 572B biyu, AL-811 kuma 811A uku. Sai mutum ya zare masu kyau ya sayar daban, ya cusa gajiyayyu. Wani kuma ya goge rubutun jikin na ƙasar Sin ya buga tambarin Eimac, sanannen kamfanin ƙera bawul na Amurka. Eimac ta daɗe da daina ƙera 3-500Z, don haka duk wanda ya ce yana da su sababbi kwali-kwali a farashi mai sauƙi, ka tuhume shi. Na Sin ɗin ba laifi ba ne, akwai masu aiki sosai a cikinsu, amma a sayar maka da su da sunansu da farashinsu.

Idan ya ce ya gwada a na'urar gwajin bawul, ka tambaye shi wace iri. Filamen na 3-500Z yana cin bolt 5 da amfiya 14.6, farantinsa kuma, wato ƙarfen ciki da babbar wuta take shiga, yana aiki a kan bolt 2,500 zuwa 3,000. Ƙaramar na'urar masu gyaran tsohon rediyo ba ta da ƙarfin kunna shi, balle ta faɗi lafiyarsa.

Gwajin da ake yarda da shi guda ɗaya ne. A haɗa injin da lodin gwaji mai om 50, wato rezisto mai shanye sigina a madadin eriya, ba eriya ba, a sa mitar wat a tsakani, a ɗauki bidiyo ba yankewa. Kana son ganin abu huɗu tare: wat nawa ake turawa ciki, wat nawa ke fita, wutar da faranti yake ja, da wadda girid, wato ragar wayar da ke tsakanin filamen da faranti, yake ja. SB-220 mai lafiya, idan aka tura mata wat 100 a zangon rediyo na mita 20, tana ba da wajen wat 1,000. Idan ta tsaya a 600 ko 700, kuma ƙara turi ba ya ɗaga allurar faranti, filamen ya gaji. A riƙe maɓalli kamar daƙiƙa goma, domin gajiyayyen bawul yakan yi tsalle da farko sannan allura ta riƙa zamewa ƙasa. Masu wayo suna yin fito a makirfo na daƙiƙa ɗaya, ko su haɗa da eriyar da ba ta daidaita ba, inda mita take nuna fiye da gaskiya. Ka nemi a maimaita a zangon mita 10, can ne rauni yake fara bayyana.

Idan injin ya zo hannu, kada ka yi saurin buɗe shi. Wutar ciki tana kisa, kuma kafasito yana riƙe ta bayan an cire soket idan rezisto mai zubar da ita ya ƙone. Ka cire wuta, ka jira mita ta sauka sifiri, sannan ka taɓa hular bawul da sanda mai kariya da aka ɗaure wa waya zuwa jikin injin.

Sai ka zare bawul ka duba shi a haske. A 811A, wanda farantinsa wat 65 kawai yake ɗauka, ka nemi huji ko lanƙwasa a faranti, da wurin da gilashi ya lotsa ciki saboda zafi, da hular da take girgiɗi. Idan bawul mai tabon azurfa ne a gilashi kuma tabon ya koma fari fat, iska ta shiga, ya tashi aiki. A 3-500Z ka dubi ƙafafu: ta 1 da ta 5 na filamen ne, 2 da 3 da 4 na girid. Dalmar da ta narke a ƙafar filamen alama ce ta fanka mai rauni ko soket da ya saki. Da mitar om, tsakanin 1 da 5 ka ga kusan sifiri, tsakanin girid da filamen kuwa kada ka ga komai, ko da ka ɗan ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. Sai dai wata haɗewar girid da filamen ba ta fitowa sai bawul ya yi zafi. Alamarta ita ce allurar girid ko ta faranti ta motsa alhali ba a danna komai ba. A SB-220 ka kashe nan take, in ba haka ba taransifomar filamen za ta iya ƙonewa.

Maganar iska ita ce ta fi ruɗa mutane, kuma a nan ne kalmar "ba a taɓa amfani da shi ba" take zama tarko. 3-500Z da ya shekara ashirin a kwali zai iya fin wanda ake aiki da shi kullum lalacewa. Sinadarin da ke shanye iskar ciki yana jikin farantinsa ne, kuma ba ya aiki sai farantin ya yi ɗan ja. Kunna filamen kaɗai ba ya wadatarwa. Idan aka saka irin wannan aka ba shi cikakkiyar wuta, sai ka ji ƙara kamar bindiga, ya tafi da mita da diyod da rezisto. Shuɗin haske a jikin gilashi ba komai ba ne, amma shuɗi ko shunayya a tsakanin faranti da girid iska ce. Mai na'urar gwajin babbar wuta zai ɗora masa ninki biyu na abin da yake aiki da shi, ya ga ko yana yoyo. Wanda yoyonsa kaɗan ne akan iya ceto shi ta hanyar gasa farantin da ƙaramar wuta na 'yan sa'o'i.

Bawul masu jikin tangaran, irin 8877 da GU-74B na Acom 1000, ba a ganin cikinsu, shi ya sa ake wanke tsofaffi a sayar a matsayin sababbi. Su kuma sai sun yi ɗumi kamar minti uku kafin a tura musu komai. Idan ka tarar an tsallake agogon jiran da ke cikin injin, ka ɗauka an riga an ci rayuwar bawul ɗin.

A ɓangarenmu akwai ƙarin matsala, wato wutar NEPA da janareta da ke hawa da sauka. Ka auna wutar filamen a ƙafar soket, kada ta wuce abin da aka rubuta, domin ƙari kaɗan yana gajarta rayuwarsa sosai. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, a riƙa busa ta. Idan daga waje za a aiko, ka sa sharaɗi a rubuce cewa a zare kowane bawul a naɗe shi a kwalinsa daban, kuma kana da kwanakin gwaji da damar mayarwa kafin ciniki ya faɗa.