Gedore na hannu ko sabon akwatin Ingco? Ga abin da na gani da idona

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda Corolla ce a hannunka kuma ka ce tsakanin tsofaffin sifanun Jamus na gwanjo da sabon akwatin kayan aiki na Ingco kake rawar ido, ni dai Gedore ta Jamus zan ce maka, ba tare da wani kwana-kwana ba.

Akwai wata ring sifana 14 da 17 a but ɗin motata, Gedore ce, kawuna ne ya ba ni ranar da na fara sayen mota. Shi kuma da ita ya yi aikin Fijo 504 a garejinsa tun kafin in shiga firamare. A jikinta an buga W. Germany, ka ga kenan tun kafin Jamus ta haɗe a 1990 aka ƙera ta. Ƙyallinta ya tafi, tsakiyarta ta yi santsi saboda hannu, amma bakinta yana nan yadda yake. Ranar da zan canza birkin gaba, notin 17 da ke riƙe da kalifa, wato ƙarfen da ke matse birki, ya kafe kamar an yi masa walda. Na zuba mai, na jira, na buga, ko gezau. Ƙarshe na zura mata guntun bututun ruwa na hau da ƙafa. Ƙara ɗaya na ji, ƙas! Gabana ya faɗi, na ce shi kenan na karya gadon kawu. Ashe notin ne ya saki. Na goge ta da tsumma na duba, ko alamar lanƙwasa babu. Ba na ce ka riƙa yi wa sifana haka ba, zalunci ne, amma a irin wannan ranar ake sanin ƙarfe.

Kamfanin ya daɗe, tun 1919 wasu 'yan'uwa masu suna Dowidat suka kafa shi a garin Remscheid, daga sunansu da na garin aka harhaɗa Gedore ɗin. Hazet ma a garin yake, Stahlwille kuma a Wuppertal, maƙwabtansu. Duk wanda ka tsinta cikin ukun nan a tarin kayan Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, ko Elora, ko Facom ta Faransa, ka ɗauka in lafiyarsa ƙalau. Za ka kuma ga Gedore da aka buga wa Indiya ko Afirka ta Kudu. Ba jabu ba ne, kamfanin ya yi ƙira a can, sai dai kada a sayar maka da shi a kuɗin na Jamus.

Ingco kuwa, to, ba laifi. Ina da filayarsu da sukudireba guda biyu, suna aikinsu. Shi da Total mai yin kayan aiki duk 'yan Cana ne, kuma sun fi tarkacen da ba su da suna nesa ba kusa ba.

Abin da na fi so ka guje wa shi ne ƙaton akwatin nan mai kaya ɗari da wani abu, ko na wane kamfani ne. Ido yake ci. Motar Japan lambobinta sanannu ne: 8, 10, 12, 14, 17, 19, sai 21 na notin taya, da 16 mai zurfi na fulogi. Notin juye baƙin mai a Corolla 14 ne, kan batir 10. Sauran abin da ke cikin akwatin haka zai zauna yana tsatsa har 'ya'yanka su mayar da shi kayan wasa. Da Golf gare ka da lissafin ya canza, domin motar Jamus tana son 13 da 16 da 18, ga alanki ga masu bakin tauraro. Kai ba ruwanka da wannan.

Ni na taɓa faɗawa ramin. Wani jan akwati na saya, kaya reras suna walƙiya, an rubuta Germany da manyan baƙaƙe a murfi, sunan kamfanin kuwa ban taɓa jin sa ba kafin ranar, ban kuma sake ji ba. Mai shagon har da rantsuwa. Asabar ta farko na shiga ƙarƙashin mota zan juye mai, na ɗora soket 14, na ja. Sai ji na yi hannuna ya tafi gaba ɗaya ya daki ƙarfe, fatar yatsu uku ta saluɓe. Soket ɗin ya tsage gida biyu. Maimakon in haƙura, na ɗauko sifanar cikin akwatin, bakinta ya buɗe, ta cinye kan notin ya mulmule sumul. Sai da mai walda ya liƙa masa wani notin a kai sannan ya fita, na kuma sayi sabo. Araha ba ta ado, sai ranar na yarda. Akwatin yana nan, uwargida ta zuba zare da maɓallai a ciki, shi kaɗai ne ya yi amfani.

Wuri ɗaya ne ban yarda da na hannu ba, wato racet, hannun da ake juya soket da shi. Sifana ƙarfe ɗaya ce, abin da ido ya gani shi ne. Racet kuwa haƙora ne a ciki, in sun cinye ba za ka sani ba sai ranar da ya zame maka ana tsakiyar ja. Nan ka sayi sabo ɗan Taiwan, King Tony ko Toptul ko Force, ƙaramin saiti mai bakin rabin inci. In ka samu mai haƙori 72 ya fi, ɗan motsi kaɗan yake buƙata ya kama, abin da za ka gode wa Allah a kansa in kana aiki a lungun injin. Soket kuma ka zaɓi mai kusurwa 6, ya fi mai 12 riƙe tsohon noti. Snap-on na Amurka kada ma ka tambaya. Kaya ne na gaske, amma kuɗin racet ɗaya zai haɗa maka duk abin da na lissafa, garantin da ake yabonsu da shi kuma motar dilansu ba ta biyowa ta layinku.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwa. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah, sai dai wasu sun gano muna son tsohon kaya. Za su ɗauko sabon jabu su shafe shi da baƙin mai da ƙasa, su cusa cikin tarin na Beljiyam. Na ainihi sunansa da lambarsa a cikin ƙarfen suke, za ka ji su da farce, ba fenti ba ne da zai goge. Karanta sunan harafi-harafi, domin sukan canza ɗaya su bar sauran. Rubutun Chrome Vanadium ko Cr-V kada ya ruɗe ka, kowa yana bugawa, har jan akwatina yana da shi. Duba bakin sifana ko an goge shi da giranda, ko akwai tabon walda a wuya. Sannan kayan da suka fito daga Amurka da yawansu na inci ne. Za a miƙo maka 9/16 a ce ai 14 ce. Ba ita ba ce, ta ɗara ta kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin shi ke cinye kan noti.

Dabarar kawuna ita ce ka tafi da sababbin notina a aljihu, 10 da 12 da 14 da 17. Ka ɗora, ka girgiza. In tana rawa ka ajiye, ko da kuwa an rubuta sunan sarkin Jamus a jiki. Mai kayan da ya hana ka gwadawa, yi masa sallama ka ƙara gaba.

Don haka ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da safe kafin rana ta yi zafi, ka tsinci sifanun Jamus ɗai-ɗai a lambobin motarka, ka haɗa da saitin soket ɗan Taiwan. Canjin da ya rage ka sayi filaya da sukudireba na Ingco. Lamba 10 kuma guda biyu za ka saya, ɗaya ta aiki, ɗaya ta maƙwabci mai cewa yanzu zan dawo da ita.