Daskararren ƙaro ko dutse: wanne ya fi don nazarin dangin gizo-gizo na da?

Tambayar ta shafi musamman ɗan'uwan gizo-gizon nan mai dogayen ƙafafu da ba ya saƙa, wanda ake kira "harvestman" a Turance.

Daskararren ƙaron Myanmar, wato ƙaron itace da ya taurare da ƙananan halittu a cikinsa, ya kai shekara miliyan 99. Ƙaramin madubin bincike ya isa a ga ido da gashin ƙafa. Sai dai yana tsagewa in ya sha zafi da hasken rana, kuma akwai jabu a kasuwa.

Dutsen da ake samu a ƙauyen Rhynie na Sukotilan ya haura shekara miliyan 400, har bututun numfashin dabbar ya adana. Amma sai an yanka shi siriri, yankan kuma yakan raba dabbar biyu.

Mai son tantance nau'in dabbar, ƙaro ya fi masa sauƙi. Mai bin asalin rukunin, dole ya koma ga dutse.