WorldBox ko Godus? Ga wanda zan ce ka zuba a wayarka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin wasannin waya biyun nan, WorldBox da Godus, da ka ce kana son ka ɗauki ɗaya, ka ɗauki WorldBox. Shi ne a wayata har yau, kuma duk wanda ya tambaye ni a unguwa amsar da nake ba shi ke nan. Bari in faɗa maka dalili don kada ka ce son raina ne kawai.

A fuska duka biyun abu ɗaya suke ba ka: kana kallo daga sama, ƙauyawa na ƙasa, ruwa da wuta da ƙasar kanta suna hannunka. Amma da ka kwana biyu da kowanne za ka ga ba hanyarsu ɗaya ba. Mutanen Godus ba sa ci gaba sai da kai. Kai za ka share musu fili, kai za ka nuna musu inda za su yi gini, kai za ka bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya kana tattara abin da suka tara maka. Mutanen WorldBox kuwa, da ka ajiye su a ƙasa mai ciyawa da itatuwa, sun kama harkar gabansu. Su hura wuta, su kafa bukkoki, su sare itace, su fasa dutse, su shuka alkama, su naɗa sarki. Kafin ka ankara bukkokin sun zama gidajen dutse, an yi tashar jiragen ruwa, wasu sun tsallaka teku sun kafa sabon gari. Kai naka ido, sai in ka ga dama ka sa hannu. Daɗin wasan duk yana cikin ganin abin da sa hannun naka zai haifar, don sau da yawa ba abin da ka nufa ke faruwa ba.

Da hutun makaranta 'ya'yan yayata suka zo mana daga Dutsin-Ma, suka addabe ni da a ba su waya su buga gem. Sai na ce to mu zauna tare mu gina ƙasar Hausa. Muka buɗe taswira wadda ba komai cikinta sai ruwa, muka zana ƙasa da yatsa, muka zuba mutane a wuri bakwai. Wasan yana barin ka sauya sunan gari da na masarauta da na mutum, don haka muka raɗa musu Daura, Katsina, Kano, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Ƙaramin cikinsu ya ɗauki Daura, ya ce ita ce uwa, ba mai taɓa ta. Ya riƙa yi mata ruwan sama yana dasa mata itatuwa, ya zaɓi wani manomi guda ya sa masa alamar tauraro don ya riƙa bin rayuwarsa. Babban ya ɗauki Katsina ya cika mata ƙasa da ma'adinai, a ganinsa mai ƙarfe da zinariya shi ne mai nasara. Muka ƙara gudun lokaci muka zuba ido.

Abin da ya faru ba wanda ya tsara shi. Katsinar tamu ta yi arziki ta yi ta kafa garuruwa har suka yi wa sarki yawa, na nesa da fada biyayyarsu ta yi sanyi, ɗaya ya ɓalle ya naɗa nasa sarkin. Ana cikin wannan rigima maƙwabciya ta kawo yaƙi ta ci babban birnin, sarauta ta koma wani ƙaramin gari da ke can arewa. Baffanmu yana gefe a kan tabarma da carbinsa, muna zaton ba ya ma saurarenmu, sai ya ce a miƙo masa ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa yaran ai an yi haka da gaske: bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, da Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina, tsohon gidan sarauta arewa ya nufa, har suka kafu a Maraɗi. Daga nan hira ta bar waya ta koma kan Korau da Gobarau da ganuwar birni, yaran da ko littafin tarihi ba sa son buɗewa suna ta jefo tambayoyi har aka kira magariba. Manomin nan na Daura kuwa ya tsufa ya mutu, yaron ya yi jugum kamar ya san shi. Wannan yammacin kaɗai ya fanshe mini kuɗin da na biya.

Ɓallewar garin nan ba tsautsayi ba ne, haka aka gina wasan. Kowane gari yana da ma'aunin biyayya ga sarkinsa, kana iya buɗewa ka ga abin da ke ƙara shi da abin da ke rage shi, kamar nisa da fada da yawan garuruwan da ke ƙarƙashin sarki guda. Kowane mutum ma yana da sunansa da shekarunsa da halayensa: wani mai ƙarfi, wani mai hikima, wani rago. Akwai kuma wurin dokokin duniya, inda kake kunna ko kashe yunwa da tsufa da tawaye da bala'o'in da ke aukuwa da kansu. In zaman lafiya kake so ka kalla, ka kashe yaƙi ka ga yadda kasuwanci ke tafiya tsakanin tsibirai. In rikici kake so, ga girgizar ƙasa, ga aman wutar dutse, ga annoba, ga guguwa, har da bama-bamai. Ba mutane kaɗai ba ne, akwai wasu ƙabilu na tatsuniyoyin Turawa: dodanni masu koren jiki da son faɗa, gajeru masu son tsaunuka da haƙar ma'adinai, da masu dogayen kunnuwa mazauna daji. Wani mai suna Maxim Karpenko ne ya ƙirƙiro WorldBox, ya fito a waya a 2018, ya shiga Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, a ƙarshen 2021, kuma tun daga nan ake ta ƙara masa abubuwa.

Ga abin da ya fi damunmu a nan: ba ya buƙatar data in ka riga ka sauke shi. A mota tsakanin Katsina da Daura, a layin banki, a inda sabis ba ya kamawa, duk yana yi. Saukewa kyauta ne, sai dai iko da halittu da dama a kulle suke. In ka biya, sau ɗaya ne, komai ya buɗe, ba a sake zuwa maka da kwanon bara. Ka dai sani na waya daban, na Steam daban, kuma na kwamfutar ya fi tsada.

Aibinsa ma zan faɗa. Zanensa irin na gem ɗin da ne, 'yan ɗigo-ɗigo, mutanen kamar tururuwa sai ka matso da hoton. Ba shi da mataki-mataki, ba ranar da za a ce maka ka ci wasa. Wanda ya saba da a ba shi aiki ya gama a ba shi lada, zai iya zuba bama-bamai na rabin awa ya ce ba komai a ciki. Sannan in ka buɗe babbar taswira jama'a suka kai dubbai, ƙaramar waya za ta yi zafi ta riƙa sanɗa, caji kuma ya zube. Da irin zafin Afrilu da ƙarancin wutarmu, ka tsaya a ƙarama ko matsakaiciyar taswira.

Godus kuwa, na taɓa sa shi, bai daɗe a wayata ba. Yana da kyan gani, wannan ba musu, kuma jan ƙasa da yatsa hawa-hawa har tudu ya zama fili yana da daɗi a kwanakin farko. Bayan haka sai jira. A fara gini, agogo ya hau ƙirga, ko ka jira ko ka kashe duwatsu masu daraja, waɗanda in sun ƙare da kuɗin gaske ake sayensu. Sabon iko yana zuwa ne a kati, katin kuma sai ka tara masa 'yan tambura kafin ya buɗe. Ga wata ƙabila, Astari, da ke janye maka mutane da bukukuwanta in naka ba sa cikin farin ciki. Wanda yake son a riƙa nuna masa abin yi na gaba zai iya jin daɗinsa, iyakar abin da zan ce ke nan.

Tarihin Godus ma kowa ya san shi. Peter Molyneux, Bature ɗan Ingila, shi ne ya kafa wannan nau'in wasa da Populous a 1989, ya kuma yi Black & White a 2001. Da sunan nan nasa kamfaninsa 22cans ya nemi gudummawar jama'a a Kickstarter a ƙarshen 2012, mutum fiye da 17,000 suka tara sama da fam 500,000. Na kwamfuta ya shiga Steam a 2013 a matsayin wanda ba a kammala ba, na waya ya fito a 2014. Na kwamfutar bai taɓa fita daga wannan matsayi ba har aka cire shi daga kasuwar Steam a Disamba 2023, da yawa daga abubuwan da aka yi wa masu gudummawa alkawari ba su zo ba. Ni wannan yana cikin lissafina in zan sa kuɗi a abu.

Akwai wata magana da ba ka tambaya ba amma na san za ta taso, ko daga gare ka ko daga mutanen gida. Masu yin irin waɗannan wasanni suna tallata su ne da cewa kai ne abin bautar mutanen ciki, wal'iyazu billah. A Godus abin a tsakiyar wasan yake: mutanen mabiyanka ake kiransu, kuma imanin da suka yi da kai shi ne kuɗin da kake tarawa kana kashewa. A WorldBox ba ka buƙatar kowa ya bauta maka kafin ka yi ruwa ko ka tada tsauni, kayan aikin suna jere a ƙasan allo kamar na mai zane, mutanen kuma harkarsu suke yi. Wannan bambanci ya yi mini nauyi ƙwarai, musamman da yake yara na karɓar wayata. Ni ina ɗaukarsa a matsayin taswira mai motsi, haka kuma nake gaya wa yaran. Hukunci na malamai ne, in zuciyarka ba ta kwanta ba ka kai wa malaminka ya gani da idonsa. In kuma za ka ba yara, ka zauna da su, don in aka bar su su kaɗai wajen bama-baman nan suke nufa.

Yanzu hattara da 'yan damfara, don sun yi yawa a wannan harka. A shagunan turi za a ce maka akwai wanda aka riga aka buɗe komai, ka kawo 'yan kuɗi kaɗan a tura maka. Kada ka yarda. Fayil ne da wani ya farke ya sake ɗinkewa, ba ka san abin da ya cusa ciki ba, kuma a wayar nan manhajar bankinka take. Duk gem ɗin da ya nemi izinin karanta saƙonninka ko lambobin mutanenka, goge shi nan take, wasan gina ƙauye ba ruwansa da saƙon banki. Wasu kuma a WhatsApp da Facebook suke, su sayar maka da adireshin Gmail wai an riga an biya a kansa. Bayan kwana kaɗan mai shi ya canja kalmar sirri, kuɗinka sun tafi, kuma ka shigar da asusun baƙo cikin wayarka. Na ga an yi wa wani abokin aikina haka, da ya koma neman mutumin lambar ma ba ta shiga.

Haka nan duk wanda ya ce zai tura maka Black & White na waya, ƙarya yake. Wasan kwamfuta ne, wanda kake rainon wata ƙatuwar dabba, saniya ko biri ko damisa, kana koya mata hali da shafa ko mari. Bai taɓa fitowa a Android ko iPhone ba, ko a Steam ma ba a sayar da shi, kuma kamfanin da ya yi shi, Lionhead, an rufe shi tun 2016. A Play Store ɗin kansa ma akwai masu kwaikwayon sunan WorldBox da hotonsa, don haka ka duba wanda miliyoyin mutane suka sauke, ka karanta ra'ayoyin da ke ƙasa kafin ka danna.

Ka sauke WorldBox na kyauta daga Play Store da hannunka. Ka buɗe ƙaramar taswira, ka kashe bala'o'i a dokokin duniya, ka ajiye mutane a gefe biyu na kogi ka bar su su yi girma kafin ka taɓa komai. In bayan mako guda ka ga kana komawa don ka ga yadda suka kwana, ka biya a kan Gmail ɗinka na kanka. In katinka ya ƙi wucewa, ka nemi ɗan'uwa amintacce ya sa nasa a wayarka a gabanka, ku cire shi da an gama.