Ɗan canjina na bakin babbar kasuwa

Shekara shida ke nan ina kai sefa a canza mani zuwa naira wurin wani Alhaji ɗan canji a bakin babbar kasuwar Maradi, kafin in hau mota zuwa Kantin Kwari sarin atamfa. Ba shi da shago. Benci ne da laima, jakar fata a cinya, wayoyi biyu, da ƴar kalkuleta wadda lambobinta suka goge don dannawa. Ka ce masa jikka ɗari biyu, kafin ka gyara zama ya kira Jibiya, ya saurari saƙon murya daga Wapa, matattarar ƴan canji a Kano, ya faɗa maka kuɗin yau. Na safe daban, na la'asar daban.

Da can wannan hawa da saukar haushi take ba ni. Mu mun saba da sefa a ɗaure da yuro, yuro ɗaya sefa 655 da ɗigo 957, ba ta gaba ba ta baya. Ƙanena da ya yi karatun tattalin arziki shi ya ce mani Alhaji almajirin Hayek ne bai sani ba, wato Baturen Ostiriya da ya ce a 1976 a cire wa gwamnati ikon buga kuɗi ita kaɗai, a bar kuɗaɗe su yi gasa. Na ce mu tun a hadisin Anas muka ji an roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi a Madina ya ƙi. Kuma ga zahiri: shekaru bankin Najeriya na riƙe da nasa farashin a takarda, Alhaji na faɗin na gaskiya a benci, har Yunin 2023 da aka saki naira ta gangaro inda yake.

Sai dai kasuwa ba ta san sabo ba. A Fabrairun 2023, lokacin da aka sauya takardun naira tsaba ta yi wuya, ya yanke ni yankan da har yau ina jin zafinsa. Na ce, "Alhaji, ba sani ba sabo?" Ko kai bai ɗaga ba: "Malam, ga maƙwabcina nan, in ya fi ni arha Allah ya ba da sa'a." Na zagaya benci huɗu, na dawo ina sosa ƙeya.

Lissafinsa bai taɓa cin dala ɗaya tawa (wato sefa biyar) ba. Amma ka kwance robar ka ƙirga a gabansa, domin yakan cusa yagaggun ƴan ɗari biyar a tsakiyar bandir, kuma ƴan Kwari ba sa karɓarsu.