Cinikin Corolla a titin Zariya

Corolla 2010 'yar Kwatano na saya a wani filin motoci da ke titin Zariya, Kano. Da na yi tayi, Alhajin ya ce albarka, ko kallona bai yi ba. Sai da bakanikena ya ɗora ta kan rami, ya nuna masa shokozoba na baya sun mutu, ƙofar direba kuma sabon fenti ne, sannan murya ta sauko. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa zai biya gyaran?" Ya rage naira dubu 400, ya sallama.

Takardun kwastam kam ya miƙo ba gardama, lambar shasi ta dace. Dillalansa ne suka cika naci. A yanke maganar la'ada da su tun kafin a karɓi makulli.